Fentin da Na Sa Aka Yi wa Akwatunanka

Baban Amina,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Dama ko da ranka ba ka cika karanta abin da ba zanen wayoyi ba ne.

Amina ta koma makaranta. Hajiyarka tana fama da gwiwa. An shiga sanyin Jos, rigarka mai kauri ni nake sawa. Labarin da ya sa na zauna rubutu kuwa shi ne akwatunanka sun faɗi gwaji.

Shekara shida ka yi kana ƙera akwatin nan mai haɗa kwamfutocin asibiti da kebul. Na tuna ƙaramin rediyon da kake ajewa a kan teburinka a shagon Daɗin Kowa, kana murɗa shi tsakanin tasha da tasha. Idan ka kunna akwati rediyon ya yi shuu, sai ka ɓata rai ka kwance komai. Sau ɗaya ka taɓa yi mini bayani, kana cin abinci, cewa kebul ɗin yakan zama eriya, ya watsa hayaniyar cikin akwatin, ta dami na'urorin da ke kusa da marar lafiya. Na yi maka dariya, na ce ka zama mai sauraron aljanu.

Bayan na gama takaba na je shagon. Abokin aikinka Bulus ya nuna mini akwatunan a jere, an kusa kai su gwajin da masu saye suka gindaya. Na ga duk bakin ramin da soket yake shiga an kankare shi, ƙarfe tsirara, kamar aikin da aka bari rabi. Zuciyata ta ƙi. Na ce ba za a ce mijina ya mutu ya bar ƙazamin aiki ba. Bulus ya ce mu bar su yadda ka bari. Na tambaye shi dalili, bai sani ba, don shi ma ba ka taɓa gaya masa ba. Na kwashe su na kai wa mai fenti a Laranto, aka feshe su ciki da waje, shuɗi mai sheƙi. Har kuka na yi don kyau.

Sai da takardar masu gwaji ta zo na zauna na karanta littattafan da kake nazari a ciki, na gane. Kankarewar nan da gangan ka yi, don ƙarfen soket ya taɓa ƙarfen akwati, hayaniyar ta tsaya a ciki. Fentina ya shiga tsakaninsu. Masu saye sun janye, sun ɗauko na ƙasar waje. Bulus ya samu aiki a Kuru, ban ga laifinsa ba.

Ni na yi wannan, na amsa. Amma kai fa? Me zai rage ka da ka rubuta layi ɗaya a jikin takarda? Matarka ta koyar da kimiyya shekara ashirin, amma ba ta isa ka zaunar da ita ba? Ka ɗauka kai kaɗai ne ba za ka mutu ba?

Jiya da hantsi na ɗauki wuƙar kicin na kankare guda ɗaya har hannuna ya yi kanta. Na kunna shi tare da rediyonka. Ƙarar ta ragu, ba ta mutu ba. Akwai sauran wani abu, ko baƙin zoben nan da na gani a aljihun tebur, ko yadda ake kwantar da wayoyin, ban sani ba. Wanda ya sani yana maƙabarta.

Ƙarshen wata zan miƙa makullin shagon. Rediyon kaɗai zan ɗauka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Na yafe maka komai, wannan ɗin ne dai ban iya ba tukuna.

Matarka da ta yi fentin,
Maman Amina