Gwaggo Ta Shanye Sa'o'in Jirgi

Malam, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ɗan gidan malamai ne a Takur. Wani Bature matuƙin jirgin sama, mai aikin auna ƙasa, ya ɗauke ni in riƙa rubuta masa lokacin tashi da saukar jirginsa a filin da aka share kusa da Kiyawa. Ya ba ni agogo da littafi mai bangon fata. To, mu a gidanmu ba a taɓa takarda sai an gwada rubutu a allo. Littafin kuwa kyansa ya yi yawa, na kasa sa masa tawada. Sai na riƙa tarawa a alluna uku, ina jiran ranar da hannuna zai natsu.

Ranar Alhamis ciwon gwiwar Gwaggo Iyatu ya tashi. Ta shiga zaure, ta ga alluna cike da ajami, ta wanke su tas, ta shanye. Tashi goma sha tara, Malam. Ta ce tun ranar ba ta ƙara jin ciwo ba, har Yalwawa ta je da ƙafa.

Jibi za a zo daga Kano duba littafin. Wallahi tsoro nake ji. In zauna in cike shi daga kaina? Rubutuna yana da kyau, ba wanda zai gane.

Naka,
Mai Allo Uku

Mai Allo Uku,

Gwaggo ba ta da laifi, allon da ke zauren malamai na sha ne. Kai ma ganin girman takarda ba aibi ba ne. Amma littafin jirgi ba na ado ba ne. Ranar da aka tashi ake rubuta shi, da tawada, kuma ba a gogewa. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya, ka sa hannu.

Kada ka cike shi daga kanka. Da sa'o'in nan ake sanin ranar da za a kwance inji a duba. In lissafin ya gaza, mutum ne zai hau sama a kan ƙaryarka.

Gobe da safe ka faɗa wa Baturen gaskiya. Ya tuno nasa, ka tuno naka, ku tambayi manoman da ke korar awaki daga filin. Su sun san ko kafin azahar ne ko bayan la'asar. Ku rubuta cewa ƙiyasi ne, ya sa hannu. Wataƙila ya sallame ka. Gara haka da a ce kai ka rubuta tashinsa na ƙarshe.

Allah ya ba ka sa'a, ya ƙara wa Gwaggo lafiya. Allunan dai a rataye su inda hannunta ba ya kaiwa.