Da'irorin da Kika Yanka Mini

Zuwa gare ki, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, matata kuma abokiyar hirata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Ina fata jiki yana ƙara sauƙi, ɗinkin tiyatar ya daina damun ki. Yaya ta ce kin fara ɗan cin abinci a gidanta, amma wayata ba kya son ɗauka. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na komo ga takarda, ita ba ta kuka a kunnen mutum, sai ya ga dama ya buɗe ta.

Kin ga sunayen da na jera miki a sama? Wallahi duk gaskiya ne. Ke ce wata a sararina, ke ce ƙamshin ƙasa idan hadari ya sauka. Sai dai ina rubuta su kamar ɗalibi yana kwafe daga allo. Tun ranar da muka fito daga asibiti ba tare da 'yarmu ba, jikina ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina ci, ban san ko da gishiri ba. Ana yi mini ta'aziyya, bakina yana amsawa shi kaɗai.

Na koma makaranta. Shugaba ya ce in ƙara hutawa, na ce hutun me? 'Yan aji biyu har yanzu suna kan darasin da'ira, jarrabawa kuma ta matso. Kin san su. Ka tambaye su kewayen da'ira, su ba ka filin da ke cikinta. Ka tambaye su filin, su ba ka kewaye. Na rubuta musu a allo: ga taya, rediyos ɗinta, wato daga tsakiya zuwa baki, santimita bakwai. Kewayenta nawa? Rabin ajin suka ce ɗari da hamsin da huɗu. Na ce arba'in da huɗu ne, waccan amsar filin ce. A da, da na yi faɗa har na gefen taga su farka. Yanzu gogewa kawai na yi na sake rubutawa.

Kin tuna yammacin nan da na dawo ina mitar sun kasa ganewa? Kina zaune a kan kafet, ƙafafunki a miƙe sun kumbura, kika ce in miƙo miki murafun tukwane da tsofaffin kwalaye. Kika dinga kifa murfi kina zagaye shi da biro, kina yanka kowace da'ira yanki-yanki kamar ɓarin lemo. Kika ce, “Malam, wannan fai naku na lissafi, ƙanen faifai ne?” Na ɗauko zare na zagaye murfin, na nuna miki yadda yake ninka faɗin murfin sau uku da 'yar ɗoriya, kowane murfi kuwa, babba ko ƙarami, na ce wannan ninkin shi ne fai. Sai kika dafa cikinki kika ce, “To auna wannan ma, mu ga ko ta san doka.” Na zagaya zaren, 'yarmu ta shure ni a tafin hannu. Dariyarki ta ranar! Tsuntsayen safiya ba su kai ta daɗi ba. Ina ta tafi, hasken ɗakina? Wa ya kwashe ta?

Ranar Litinin na ɗauki jakar kwalayen nan zuwa aji. Na juye a tebur, yara suka taso suka kewaye ni. Na jera yankunan kai da ƙafa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, har da'irar ta koma kamar doguwar bulo a kwance: tsawonta rabin kewaye, faɗinta rediyos. Wata yarinya ta kujerar baya, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta ce, “Au, Malam, ashe tsawo sau faɗi ne kawai!” Ta fito ta yi lissafin a allo, ashirin da biyu bisa bakwai, sau bakwai, sau bakwai, ta samu daidai. Ajin ya ɗauki tafi.

A ƙasan tarin na tarar da da'ira ta ƙarshe. Ba ki gama yanka ta ba. Almakashin ya tsaya a tsakiyar layi, daidai inda kika ajiye shi bayan 'yan kwanaki, ranar da kika ce mini tun safe ba ki ji motsinta ba. Na tsaya riƙe da kwalin ina jiran wani abu ya fashe a ƙirjina. Shiru. Na ce wa yaran ba ni za su tafa wa ba, matata ce ta yanka musu. Sai wani ya ce, “Malam, Anti ta haihu?” Na ce su buɗe shafi na gaba. Suka buɗe. Muka yi tambayoyin shafin har aka kaɗa ƙararrawa.

Yaya ta faɗa mini abin da kika ce, wai ko hawaye ban yi ba, kuma ba za ki iya komawa ɗaki ɗaya da dutse ba. Gaskiya ne ban yi kuka ba. Na nema, bai zo ba. Amma rabin raina, rijiyar da ta ƙafe a baki, an tabbata babu ruwa a ƙasanta? Ya za a yi in manta da wadda ta shure ni a hannu? Ya za a yi in daina son wadda ta ɗauke ta? Kada ki auna ƙaunata da bushewar idona, don Allah. Ke kin samu hawaye, ni na samu wannan shirun, kuma abu ɗaya ne ya same mu.

Innata ta so ta kwashe kayan jaririyar kafin ki dawo. Na ce a bar su sai abin da kika ce. Ranar Asabar zan zo gidan Yaya da hantsi, in zauna a falo. Ba sai kin fito ba. In kin ƙi, wata Asabar ma zan zo.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, domin ba ki farfaɗo daga allurar tiyata ba lokacin da aka miƙo mini ita, kuma daga baya ba ki tambaya ba. Na buɗe zanen na dube ta sosai kafin a tafi da ita. Hancinki ta ɗauko, da 'yar lotsawar nan ta haɓarki. Sauran na adana miki, ban gaya wa kowa ba. Duk ranar da kika shirya ji, zan faɗa miki a hankali.

Naki ne ni, jiya da yau da sauran kwanan da Allah ya ba ni,

Mijinki.