Shaidar Cleonice

Recife, watan Maris

Yaya Dalva,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Mama?

Kin ce muryata ta canza a waya. Kin yi gaskiya. Kin san al'adar kantinmu: kafin a buɗe ƙofa sai mu yi da'ira, mu riƙe hannun juna, mu rera waƙar kamfani kamar 'yan firamare. To, manajanmu, Seu Aldemir, kullum gefena yake zuwa, kuma hannunsa ba ya tsayawa inda na kowa ke tsayawa. Ranar da na fizge jikina dariya ya yi, wai, "Haba Neide, ke ba ki san wasa ba?"

Na kai kuka ofis. Ladan da na samu, aka cire ni daga sashen takalma aka tura ni sito, daga ni sai kwalaye. Lokacin abinci, da na ajiye kwanon wake da shinkafata, sai kowa ya tuna yana da aiki.

Na shigar da ƙara kotun ma'aikata. Lauyata ta ce in babu shaida ba mu da ƙarfi. Cleonice, mai tsayawa ɗaya gefen nawa, ta ga komai, kuma ta rantse za ta zo.

Ƙanwarki,
Neide

Recife, watan Yuni

Yaya,

Ina gaida ki, ina gaida Mama. Kada ki karanta mata wannan.

Ranar zaman kotu Cleonice ta zo, ta ci kwalliya. Don murna har na ɗaga mata hannu. Sai ta wuce ni, ta zauna bayan lauyan kamfani. Da alƙali ya tambaye ta, cewa ta yi ita in ana waƙa rufe ido take yi. Matar da ta riƙe mini jaka ina kuka a banɗaki!

A bakin ƙofa, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "'Yar'uwa, yara uku gare ni."

An ɗage zama zuwa watan gobe, wai in nemo wata shaidar. Ina zan samo? Ba zan janye ba, amma wallahi na gaji da shiga ɗakin nan ni kaɗai. Ki zo, Yaya. Na san ba ki ga komai ba, ba kuma za a tambaye ki komai ba. Ki dai zauna a bayana.

Taki har kullum,
Neide