Kogin da ke bayan ajinmu

Litinin, 3 ga Oktoba, 2022

Darekta ya kira ni ofis. Za a gina sabon aji, kuma babu fili sai bayan ajinmu, inda taswirata take. Ya ce, "Mushe Na-Allah, ka yi haƙuri, yara sun yi yawa." Mushe, wato malam, haka ake kiranmu a nan. Gaskiyarsa ce, wasu a ƙasa suke zama. Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 5 ga Oktoba

Bayan an tashi na je na tsaya a kanta. Ni da marigayi Hamani muka yi ta, shekarar da aka turo mu kwalejin nan muna samari, mu biyu muna koyar da tarihi da labarin ƙasa. Babban koginmu ne, Kogin Isa, sukutum a ƙasa, da laka da ragowar simintin da muka roƙo wajen magina. Ya taso daga duwatsun Gine, ya yi gwiwa a Mali, ya bi ta ƙofarmu nan Malanville, ya ratsa Najeriya, ya faɗa teku. Ka zuba ruwa da buta a Gine, ka ɗora jirgin kara, sai ya bi.

A kowace iyaka akwai yaro ɗaya ɗan duwan, wato ɗan kwastan. Ya tare jirgi da ƙafa, ba ya saki sai mai jirgi ya amsa tambaya. Duwan ɗin Malanville kuwa Hamani ne da kansa, da hular kwali, ya murtuke fuska: "Babban birnin Mali, ko ka sauke kaya!" Wata rana wata yarinya ta kasa amsa, sai ta lallaɓa ta miƙa masa ƙuli-ƙuli. Mun yi dariya har darektan wancan lokacin ya leƙo ta taga. Wallahi ina kewar mutumin nan.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Ɗakin malamai tsit, kowa kansa a kan waya. Wai suna da gurup, a ciki ake turo barkwanci da labaran ma'aikatar ilimi da darussa shiryayyu. Sai ka ga mutum yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. A da Hamani ne ke kawo mana labarai daga rediyonsa, ya ƙara gishiri, mu taru mu ƙaryata shi.

Sakina, sabuwar malamarmu, ta ce, "Baba, ba ni lambarka in sa ka ciki." Ita ce fa yarinyar ƙuli-ƙulin nan, yanzu har da tabarau. Na ce wayata ta kira ce kawai.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Darasin ƙarshe a kan kogin. Ban sa duwan a Malanville ba, tun rasuwarsa ma ban taɓa sawa ba, jirgi wucewa yake yi. Sakina ta ɗauki komai da waya. Ban hana ba, ban kuma dubi wajenta ba.

Litinin, 24 ga Oktoba

Sun rushe taswirar. Ina aji ina jin ƙarar diga. Na ba yara aikin rubutu.

Litinin, 14 ga Nuwamba

Sakina ta ɗora mini waya a kan tebur. Ashe ta tura hoton a gurup, wani matashin malami a garin Madécali, Oumarou, ya gani ya gina nasa da laka. Ga shi yana zuba ruwa cikin ƙasaita. Ruwa ya zo Mali ya tsaya, ya yi shawara, ya juya ya koma Gine! Yara na ihu, shi kuma yana tura jirgi da yatsa. Dariya ta ƙwace mini har da tari.

Ba laifinsa ba ne, hoto ba ya nuna gangare. Mu ma sai da muka rushe muka sake ban san sau nawa ba.

Ta ce, "Baba, shina roƙo ka taho ka duba mishi." Na ce na tsufa da hawan babur a hanyar Madécali.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Bayana kamar ba nawa ba. Hanyar nan har yanzu ba ta gyaru ba.

Mun ɗaga Gine, mun rage Najeriya da fartanya, kafin azahar ruwa ya isa teku. Sai Oumarou ya ce, "Mushe, mi ya sa ba a tsai da jirgi nan garinku?" Wani ya kawo kwali, aka yi mini hula. Na tare jirgi da ƙafa, na buɗe baki, sai na ji muryar Hamani ce ta fito. Na juya baya na ce laka ce ta shiga idona.

Wai malaman wani gari nan kusa, Guéné, su ma sun fara haƙa nasu. Oumarou ya karɓi lambata. Ni ban shiga komai ba, lamba kawai na bayar.

Hular tana cikin jakata.