Wasiyyar Kwamandan da Ke Kan Tsamiya

Da sunan Allah. Ni Alhaji Muttaka, babban kwamandan 'yan bijilanti na Mafara da Bakura da Maradun, ina rubuta wannan da hankalina garau, ba zazzaɓi ba maye. Ɗiyana mutanen Faru, ku saurara, don jikina na ba ni cewa kwanana ya ƙare.

Na ɗaya. Kalmar nan bijilans da kuke ji a rediyo, ba bindiga take nufi ba, ba kuma baƙin tabarau irin na Bashar ba. Sa ido ne da ba ya gyangyaɗi. Mai ita yana lura da abin da ya zo, ya fi lura da abin da ya saba zuwa bai zo ba.

Na biyu. Nagode mai nono, wadda ko ruwan sama ba ya hana ta zuwa kasuwarmu, kasuwa biyu ba a gan ta ba. Zabbin bakin rafi sun yi tsit. Jiya wani baƙo ya kwashe burodin gari kaf, bai ko taya ba. Wa ke da bakunan cin wannan in ba mutanen daji ba?

Na uku. Lawali da Bashar, ku bar rigimar iyakar gona. Gonakinku ne na ƙarshe kafin daji, ga shi ko kallon juna ba ku yi. Wa zai yi wa wani kururuwa?

Na huɗu. Usur ɗina na bar wa Lawali. Idan na busa daga kan tsamiya, ni za a fara harbi. A ɗauko shi daga wuyana.

Na biyar. A kwashe mata da yara zuwa Talata Mafara kafin Juma'a, har da Gwaggo ko tana zagi. Ku tafi tare, ku zauna tare. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare bayanku.

To, tunda kun kai ƙarshe: babu wani Alhaji Muttaka. Jatau ne, naku na tsokana. Na faɗi wannan a ƙofar masallaci kuka yi dariya, shi ya sa na ari rawani. In ƙarya ce ku ɗaure ni a tsamiyar ku zane. Ɗiya kuwa ba ni da ko guda, sai cikin da matata Hindu ke ɗauke da shi. Don Allah ku sa ta a motar farko.