Baba da Wayar Cajin Motata

Litinin, 4 ga Agusta

Kashi goma sha ɗaya. Abin da na tarar a batirin motata mai aiki da lantarki ke nan da safe, ni da na jona ta a caji tun la'asar ɗin jiya. Na leƙa tsakar gida, babu waya. A falo na same ta, an goge ta tas, an naɗe, an rataye a ƙusar da nake rataye lema. Baba yana zaune yana kurɓar shayinsa kamar ba shi ya yi ba.

Na ce, "Baba, wa ya cire min waya?" Ya nuna sama ya ce, "Ruwa."

Ruwa! Sai ka ce shanya na yi. Motar haya na shiga, na isa ɗakin gwajin jini takwas saura, mutane sun yi layi a ƙofa da takardunsu, makulli kuma yana jakata. Shugabanmu, da muke kira Mai Agogo, tsintsiyar hannunsa kawai ya duba. Da ma zagina ya yi na huta.

Laraba, 6 ga Agusta

Ya sake.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na ɗauko littafin da ya zo da motar, na zauna gabansa na karanta masa baƙi da fari: an yi wayar cajin ne ta yadda za ta jure ruwan sama. Sau biyu na karanta, na biyun da ƙarfi, alhali kunnensa lafiya lau. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bara, ƙafar hagu ja take, hannun hagu kuma ya tafi, da harshe. Kalma ɗaya, biyu, shi ke nan.

Ya ja ni waje da hannun dama. Wayar motar ba ta kaiwa soket ɗin kicin, shi ya sa na haɗa ta da wayar ƙari na zuro ta taga, mahaɗar kuma na ɗaure ta cikin leda na ajiye a gefen kwata. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora bayan hannunsa a kan ledar, ya ɗago yana kallona. Me zan gani? Leda ce. Ni na ɗaure ta da kaina, kuma na ɗaure da kyau.

Na san shekara talatin ya yi yana hawa falwaya yana gyaran wuta. Na sani, ai da shi aka biya min makaranta. Amma wannan ba wayar zamaninsa ba ce, kuma gidan nan ba wurin aikinsa ba ne.

Asabar, 9 ga Agusta

Na kira Yaya. Na ce masa ko dai Baba ya bar min wayata, ko ya zo ya ɗauke shi, na gaji. Wai, "Auta, ki yi haƙuri, tsufa ne." Haƙuri yana da daɗin faɗa daga nesa! Ya ce akwai ɗaki a wurinsa. Na san ɗakin. Hawa na uku, taga ɗaya, ba tsakar gida, Baba kuma ba ya iya hawa bene. In ya shiga ya shiga ke nan.

Ban ce a'a ba. Cewa na yi zan yi tunani.

Talata, 12 ga Agusta

Kashi tara. Yau Mai Agogo ya yi magana. Ya ce in ba zan iya riƙe makulli ba akwai masu iyawa. A gaban yaran da ni na koya wa riƙe sirinji ya faɗa.

Na dawo ina huci. Na ce wa Baba, "Aikina kake so in rasa? Da me zan ciyar da mu?" Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale, ya yi ta kokawa da ita har jijiyar wuyansa ta tashi. Ban jira ba. Na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Daga yau zan riƙa kulle kicin da ƙofar baya in na jona mota. Mu ga ta inda zai bi.

Alhamis, 14 ga Agusta

Har yanzu ban sani ba ko fushi nake ji ko tsoro.

Na jona mota, na kulle ƙofofi biyu, na sa makullan a aljihu. Wajen biyar da rabi hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina wanka na ji yana jijjiga ƙofar kicin. Na yi banza da shi. Ya kira sunana sau uku, sunan da ya kan ɗauki minti guda kafin ya fitar. Na ƙara buɗe famfo.

Sai ɗif, wuta ta ɗauke. Na fito da kumfa a ido, na tarar da shi tsaye a kan kujera a gaban akwatin mita, ya kashe wutar gidan baki ɗaya. Mutumin da ba ya iya saka maɓallin rigarsa, a kan kujera, da ƙafa ɗaya mai ja! Da ya faɗo fa? Na sauko da shi ina ihu, ban ma tuna duk abin da na ce ba. Na tuna na ce, "Ka zame min aiki." Wannan kam na tuna.

Na kira Yaya a gabansa. Na ce ya zo Lahadi da mota.

Juma'a, 15 ga Agusta

Na mayar da wutar gida, soket ɗin kicin ya ƙi kawowa. To ga shi, ya lalata min. Na kira mai gyaran wuta, sai gobe.

Baba bai fito cin abinci ba. Na ga jakarsa a bakin gado, ya fara haɗa kaya da kansa. A saman kayan ya ɗora tsohuwar filayarsa mai jan mariƙi. Me zai yi da filaya a hawa na uku?

Asabar, 16 ga Agusta

Mai gyaran wuta ya zo da hantsi. Na nuna masa soket, ya ce a'a, bari ya bi wayar tukuna. Ya bi ta daga taga har gefen kwata, ya durƙusa, ya sa hannun hagu a bayansa, ya ɗora bayan hannun dama a kan ledar. Sak yadda Baba ya yi. Na ce me ya sa haka? Ya ce haka ake jin zafin waya, da bayan hannu, don in akwai wuta ta ture ka, ba ka damƙe ta ba.

Ya kwance ledar. Ruwa ya tsiyayo, baƙi. Mahaɗar ta narke ta manne, wari kamar an ƙona taya.

Na ce, "Amma littafin ya ce tana jure ruwa." Ya ce, "Hajiya, wayar motar ce ke jurewa. Wannan ta ƙarin, ta jona fanka ce a ɗaki. Ledar kuma tara ruwan take yi, ba tsare shi ba." Ya dubi kwatar, ya dubi silifas ɗin ƙafata. Ya tambaya wa ke fitowa cire wayar da safe. Na ce ni, in an bar ni. Ya ce, "Wa ya kashe wutar ranar?"

Na waiwaya. Baba yana tsaye a ƙofa.

Mai gyaran ya je ya gaishe shi har ƙasa. Kafin in ankara sun zauna a kan bulo, Baba yana zana masa abu a ƙasa da tsinke: inda za a kafa soket na waje, tsayinsa daga ƙasa, murfi, rumfa. Mai gyaran yana ta, "Haka ne Baba, haka ne." Rabon da in ji Baba ya jera kalma biyar tun bara, yau na ji. Ni kuwa na shiga kicin na yi ta wanke kwanukan da ba su da datti.

Duk da haka da ya faɗa min. To, ya faɗa ɗin. Amma da ya faɗa yadda zan gane.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na kira Yaya da sassafe na ce kada ya taso, hanya ba kyau da wannan ruwa. Ya ce rana ake yi tarwai a wurinsu. Na ce to a nan ba a yi. Ya ce sati mai zuwa fa? Na ce akwai aikin soket, mai gyaran ba zai iya shi kaɗai ba, sai da mai duba masa. Ya yi dariya. Na kashe wayata.

Har yanzu ina kan bakana: wayar motar tana jure ruwa, littafin bai yi ƙarya ba. Kuma haushin hawa kujerar nan bai sake ni ba.

Na mayar da makullan ƙofofi a kan ƙusa. Na kwashe kayan jakarsa na jera a durowa. Filayar ce kawai ya karɓe daga hannuna ya sa a aljihu.

Da la'asar aka fara yayyafi. Motar ba a jone take ba, wayar dai tana yashe a tsakar gida, ba abin da zai same ta. Na fita na ɗauko ta duk da haka. Na naɗe ta a gwiwar hannu yadda na saba, ya girgiza kai. Ya warware ta, ya ba ni baki ɗaya in riƙe masa, tunda nasa hannun ɗaya ne. Sau uku yana sa ni ina sakewa. A na huɗu ya ce, "Yawwa, Auta."

Ni na rataye ta.