Hancina da Kwalba ta Uku

Litinin, 6 ga Janairu

Murar ta tafi, amma ta tafi min da hanci. Da safe na cusa shi cikin gwangwanin kofi har ya kusa taɓa gindi. Babu komai, kamar na shinshina bango. Maryse tana bakin murhu tana kallona, ta ce, "Kofi shan sa ake yi, Régis, ba shaƙa ba." Duk daɗewar auren nan, har yanzu matata gani take tana da ban dariya.

Laraba, 8 ga Janairu

Juma'a ta sama ne ɗanɗanon giyar bikin Waliyyi Vincent, waliyyin manoman inabi. Kowane mai gonar inabi a ƙauyen nan zai kawo kwalbar giyarsa, a zura ta cikin safa don kada a gane mai ita, mu 'yan kwamiti mu zaɓi wadda za a zuba wa jama'a ranar biki. Kuma ni ke fara magana a kan kowace kwalba. Ni, malamin adabi, wanda ko kurangar inabi ɗaya bai mallaka ba. Hancin nan kaɗai ya sama min kujera a tsakiyar manoma. In babu shi, da me zan zauna? Da littattafai? Waɗannan mutanen ko bayan kwalba ba sa karantawa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Likita. Akwai kwalabe a ɗakin ƙasana da suka girme shi. Wai wataƙila hancin ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Duk wannan karatu don ya gaya min abin da kakata za ta faɗa kyauta. Ya ce in riƙa shinshina lemon tsami da kanumfari safe da yamma.

Asabar, 11 ga Janairu

Kanumfari, shiru. Lemo, shiru. Na ƙona burodi, sai da na ga hayaƙi na sani.

Talata, 14 ga Janairu

Na gamu da Fabrice wajen mai cuku. Tare muka yi firamare, yanzu ya aje tumbi ya zama shugaban kwamiti. Tun daga nesa yake ihu: "Farfesa! An wasa hancin kuwa? Bana Solange za ta zauna gwaji, ka shirya mata."

Na manta shaf. Duk shekarar da aka kawo sabon mutum, Fabrice yakan saka kwalba ɗaya da toshiyarta ta ɓata, mai warin jiƙaƙƙen kwali. Ba a gaya min wacce ce, don ba a taɓa bukata ba. Ni zan gano ta, in yi ta yabonta kamar da gaske, in baƙon ya bi ni sai in rufe tarko a yi masa dariya. Solange tun rasuwar mijinta take riƙe da gonarsu ita kaɗai, kuma ta daɗe tana hangen kujera.

Maryse ta ce in kira Fabrice in faɗa masa gaskiya. Na ce ta kula da miyarta. Zan karanci fuskarsa. Mutumin da ko a karta ba ya iya ɓoye murna.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ɗakin ƙasan Fabrice, sanyi har cikin ƙashi, kwalabe a jere cikin safunan matarsa. Ta farko da ta biyu na wuce lafiya. Harshe yana nan ai: tsami, ɗaci, nauyi. Sauran na cike da baki, wanda dama shi ne sana'ata. Na juya kofi, na kurkura, na tofar a bokiti kamar kullum.

Da aka zuba ta uku sai na ga Fabrice ya sosa hanci ya kau da kai. Na ce a raina, na kama ka. Na zuba yabo: 'ya'yan itacen daji, ƙasa bayan ruwan sama, har da tsohuwar fatar littafi. Solange ta shinshina ta daɗe, ta ce, "Gaskiya ne, tana da kyau ƙwarai."

Na buga tebur. "Kin faɗa tarko, Madam! Wannan ai warin kwali take, kare ma ba zai lasa ba!"

Ba wanda ya yi dariya.

Fabrice ya zare safar a hankali. Tasa ce, ta gonar gangaren coci, wadda yake alfahari da ita fiye da 'ya'yansa. Ya gane abarsa ne shi ya sa ya sosa hanci, shegen.

Ya zuba ta huɗu ya miƙo min. "Wannan fa, Farfesa?" Na shinshina. Na ce lafiyarta lau. Solange ta sunkuyar da kai. Ashe ita ce ɓatacciyar, warin tun daga ƙarshen tebur suke jin sa.

Asabar, 18 ga Janairu

Ban fita ba. Abin da ya fi ƙona min rai, ba wanda ya zage ni. Tausayi! Gara a ce sun jefe ni da bokitin.

Litinin, 20 ga Janairu

Fabrice ya zo, ya zauna a kujerata ba a ba shi ba. "Kai jaki ne, Régis. Da ka faɗa min, da na taka maka ƙafa a ƙarƙashin tebur." Na ce bana son sadaka. Ya ce, "To ba a ba ka ba. Solange ta karɓi kujerar. Kai kuma za ka riƙe tulu ranar biki, hannunka dai bai yi mura ba."

Mai zuba giya. Ni. Kuma ta ukun ce ta ci, don a ƙara min haushi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Jiya biki. Na tsaya a dandali cikin sanyi ina zuba wa mutanen da ba su san bambancin giya da ruwan wanki ba, suna ta murna kamar wawaye. Solange ta zo da kofi biyu, ta ce, "Malam Régis, yau babu bokiti." Na duba, da gaske babu.

Na haɗiye. Rabon da in haɗiye giya ban yi mata huɗuba ba, na manta. Ta sauka da ɗumi har ciki. Fabrice ya leƙo yana jira in ce wani abu, sai kawai na miƙa masa kofin ya ƙara.

Maryse ta ce wai har waƙa na yi a hanyar gida. Ƙarya take. Ƙila baiti ɗaya.

Har yanzu ina fushi da su duka. Kanumfarin dai na mayar wa Maryse kicin.